Daura da Kujerun Shugabancin Gobe: Ina 'Ya'ya Mata?

Cikin 'yan shekarun nan Daura ta samu abin da garuruwa da yawa ke nema ido rufe. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a ƙarshen shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ya ratsa masarautar. Daga azuzuwan waɗannan makarantu za a yaye injiniyoyi da masana kwamfuta da za su riƙe kamfanoni nan da shekara ashirin. Yawan matan da za su hau waɗannan kujeru kuwa, tun daga ƙofar makaranta ake yanke shi, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Bankuna sun ba mu darasi. A 2012 Babban Bankin Najeriya ya nemi a ba mata kashi 30 cikin ɗari na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙamai. Bayan haka muka ga Halima Buba ta shugabanci bankin SunTrust, Adaora Umeoji kuma ta karɓi ragamar Zenith a 2024. Tsarin ya yi tasiri ne saboda ya tarar da ɗimbin mata da suka karanci akanta da tattalin arziki suna jiran dama. A fannin fasahar zamani irin waɗannan matan kaɗan ne. Funke Opeke, wadda kamfaninta MainOne ya shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010, sai da ta zama injiniyar lantarki kafin ta zama shugaba. Doka na iya ware kujera, amma ba ta iya samar da injiniya dare ɗaya.

Wasu za su ce shugabancin mace baƙon abu ne a ƙasar Hausa. A Daura dai wannan magana ba ta da madafa, domin tarihin baka ya ce magajiyoyi ne suka mulki ƙasar har zuwa Daurama, kuma sarautar Magajiya na nan a fada. Ta fuskar addini ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tsara karantar da mata ta hanyar 'yan taru. Wasu kuma za su ce mata ne ba sa sha'awar harkar fasaha. To a leƙa cikin gida. Matar da ke matse man gyaɗa, tana riƙe da adashin mutum ashirin ba tare da kwabo ya ɓata ba, ita ce yau ke ɗaukar hoton atamfa ta ɗora a WhatsApp, a turo mata kuɗi ta waya, ta aiki yaro wajen mai POS. Basirar juya dukiya tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin lissafi da ɗakin gwaje-gwaje a makarantar 'yarta.

Hujja mafi nauyi ita ce ta aure da raino, kuma gaskiya ce karatun injiniya na cin shekaru. Sai dai wannan matsala ce da tsari ke warwarewa: ɗakin kwanan ɗalibai mata mai tsaro, wurin rainon jarirai a cikin makaranta, da damar komawa aji bayan haihuwa. Iyaye da mazaje sun fi sakin jiki idan makarantar na kusa da gida, kuma yanzu tana kusa.

Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Jihar Katsina ke ciki, ya taimaka wajen riƙe 'yan mata a sakandare, amma riƙewa kaɗai ba ta wadatar idan ba su shiga ajin kimiyya ba. Ya kamata manyan makarantun Daura su riƙa bayyana yawan matan da suka ɗauka a kowane sashe duk shekara, hakimai da attajirai kuma su ɗauki nauyin 'yan matan Zango, Ɓaure, Mai'aduwa da Sandamu da suka ci lissafi da fiziks. Idan ba a yi haka ba, za a gina masana'antu a ƙasarmu, rabin 'ya'yanmu kuma su tsaya a bakin ƙofa suna kallo.