Idan Zuciya Ta Ɓata Lugude

Wanda ya tsira daga toshewar jijiyar zuciya yakan tashi da tabo a tsokar zuciyarsa, kuma tabo ba ya matsewa. Tsokar da ta rage da rai ma tana iya rasa tsari. Ɗakin ƙasa na hagu, mai tura jini ga jiki duka, ya kamata bangonsa ya matse kusan a tare. In wani ɓangare ya makara, sai jinin ya yi ta kai-komo a ciki, zuciya na wahala, aiki kaɗan. Masu lugude sun san ƙarfin hannu bai isa ba, sai kowace taɓarya ta sauka a lokacinta.

Hoton nukiliya na iya nuna wannan makarar. Ana yi wa majinyaci allurar sinadari mai ɗauke da teknishiyam-99m, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk awa 6. Tsoka mai rai ta sha shi, tabo ya ƙi sha. Kyamara ta ɗauki zuciyar daga kusurwoyi da dama, kwamfuta ta raba kowane bugu kashi 8 ko 16. A 2005, Ji Chen da Ernest Garcia da abokan aikinsu a Jami'ar Emory ta Amurka suka fito da hanyar lissafa lokacin da kowane ɓangaren bango ya fara kauri. A lafiyayyar zuciya lokutan kan taru wuri guda, a mai tabo kuwa su warwatse.

Amfanin yana wajen dasa na'urar daidaita bugu mai wayoyi, wadda ake sa wa masu raunin zuciya. Na'ura ce mai tsada, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita ba sa samun sauƙin da ake fata. Ɗaya daga dalilan shi ne sauke waya a kan tabo, inda babu tsokar da za ta amsa. Hoto ɗaya yana nuna tabon, ya kuma nuna ɓangaren da ya fi makara, wato inda wayar ta dace.

Sai dai a bi a hankali. Hoton eko, wanda ake ɗaukar zuciya da sauti, shi ma an yi masa irin wannan zato, har binciken PROSPECT na 2008 ya nuna ma'auninsa ba abin dogaro ba ne wajen zaɓen majinyata. Har yanzu ƙa'idojin likitocin zuciya sun dogara ne ga zanen ECG da yawan jinin da ɗakin hagu ke turawa a kowane bugu, kashi 35 cikin ɗari na jinin da ke cikinsa ko ƙasa da haka. Hoton nukiliya mai ba likita shawara ne, bai kai ga yanke hukunci ba tukuna.