Yadda A Ke Koyon Dira Daga Jirgin Sama Da Laima

Jama'a, da can in an ambaci laima sai a tuna da soja. Yanzu kuwa farar hula ma su kan dira daga jirgin sama don nishaɗi. Tun da ya ke muna da 'ya'ya a Turai da Amurka, ya kamata iyaye su san yadda abin ya ke.

Tun cikin 1797 wani Bafaranshe, Garnerin, ya sauko da laima a birnin Paris.

Sabon shiga ya kan fara ne ɗaure a jikin malami. Jirgi ya kai su kamar ƙafa 13,000, su faɗo na wajen minti guda, da gudun mil 120 a sa'a, sa'an nan a buɗe laima. Bayan haka sai karatu a ƙasa, da dira tare da malamai suna riƙe da shi, har ya iya shi kaɗai.

A Amurka sai mutum ya cika shekara 18. Takardar shaida ta farko, watau lasin A, ba a samunta sai an dira sau 25, an kuma ci jarrabawa. Lasin D, mafi girma, sau 500.

Kowa laima biyu ya ke goyawa, don in ta farko ta ƙi. Ta biyun, a Amurka tilas gwani ya sake naɗe ta kowane kwana 180.

To, in ɗanka ya zo da wannan magana, tambaye shi ko makarantar na da rajista, ko malamanta na da takardu. Rai dai guda ne, rigakafi kuwa ya fi magani.