Mabuɗin da Ke Tafiya Tare da Mota

Chow Kit unguwa ce a tsakiyar Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, wadda ta ci sunan wani attajiri mai haƙar kuza, Loke Chow Kit. Kasuwarta ta kifi da nama da kayan miya tana cikin mafiya girma a birnin. Tun kafin asuba motocin kaya ke cika titunanta, kuma yawancin kantunan suna da ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama. Inda aka sa wa ƙofar injin lantarki, direba ba ya bukatar sauka cikin ruwan sama. Yana zaune zai danna rimot, ƙofa ta buɗe.

Wannan dabara daga Amurka ta samo asali, inda C. G. Johnson ya ƙera injin buɗe ƙofar gareji a 1926. Daga baya aka haɗa shi da rediyo. Rimot ɗin kuwa ƙaramar tasha ce mai watsa lambar sirri a kan zango guda, galibi megahaz 315 ko 433. Kamar yadda mai sauraro ba zai kama tasha ba sai ya daidaita akwatinsa, haka ƙofar ba ta amsawa sai zango da lamba sun dace.

Direban da ke kai kaya wurare uku ko huɗu yakan gaji da tarin rimot. Don haka aka fito da na'ura guda mai koyon lambobin ƙofofi daban-daban, irin su HomeLink, wadda ta bayyana a motoci cikin shekarun 1990. Ana kusantar da tsohon rimot gare ta, a danna su tare, sai ta haddace lambar. Wadda ke shan wuta daga batirin mota tana bukatar lura, domin a-kori-kura volt 12 take bayarwa, manyan motoci kuwa sau da yawa 24, abin da kan ƙone na'urar.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Tsofaffin ƙofofi lamba ɗaya suke amfani da ita kullum, watau abin da na'urar direba ta koya, ta ɓarawo ma za ta iya koya. Sababbi suna canza lamba duk lokacin da aka danna, kuma ba sa karɓar baƙon rimot sai an danna wani maɓalli a jikin injin, daga cikin kanti.

Har wa yau, motar da aka sace da na'urar a jikinta ta tafi da mabuɗin kanti ke nan. Saboda haka ɗan kasuwa mai hankali yakan goge lambobin daga injin ƙofarsa da zarar mota ta ɓata, ko an sayar da ita, ko direba ya bar aiki.