JIRGIN ƘASA ZUWA FILIN JIRGIN SAMA: ABIN DA ABUJA TA GANI, ABIN DA DUTSE KE JIRA

Duk maniyyacin da ya fito daga Kangire ko Gwaram zai tashi zuwa Makka ta filin jirgin sama na Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin Gwamna Sule Lamido, to, ba shi da wata hanya sai mota. Sai ya bi ta Birnin Kudu, da jakunkunansa da 'yan rakiyarsa, ana ta cinikin kuɗin mota. Amma tun da aka aza harsashin titin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu, 2021, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, aka kuma sa reshe daga Kano zuwa Dutse cikin shirin, mutanen kudancin Jihar Jigawa suka fara tambaya ko wata rana jirgin ƙasa zai sauke fasinja a bakin filin.

Birnin da ya riga kowa gwada wannan a Nijeriya shi ne Abuja, labarinsa kuwa ya isa a tsaya a kansa.

A 2007 ne Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gina jirgin ƙasan cikin birnin, aka kuma ciwo rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin don ɗaukar nauyin mafi yawan aikin. Shekara 11 aka shafe kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a ran 12 ga Yuli, 2018. Tsawon titin kimanin kilomita 45 ne, da tashoshi 12. Layi ɗaya ya tashi daga tsakiyar birni, ya bi ta Idu, ya ƙare a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Ɗayan kuma ya bar Idu ya nufi Kubwa. A Idu ɗin nan ne ya haɗu da jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wato a takarda mutum na iya sauka daga jirgin sama ya isa Rigasa ba tare da ya taka kwalta ba.

A takarda ke nan. Da aka fara zirga-zirga sai ga taragu kaɗan, tashi kuma jefi-jefi a yini, yawancin tashoshin a rufe. Waɗansunsu ma an gina su ne a daji, nesa da unguwannin jama'a, babu titin mota da zai kai mutum ƙofarsu. Shi kuwa mai tafiya ta jirgin sama ba ya wasa da lokaci, domin jirginsa ba zai jira shi ba. In har bai tabbata cewa zai iske tarago cikin 'yan mintoci ba, gara ya biya tasi ninkin kuɗi ya huta da fargaba.

A 2020 annobar korona ta zo, aka tsayar da jirgin baki ɗaya. Shekara huɗu yana kwance, ɓarayi suka yi ta yanke wayoyi suna kwashe kayan sadarwa, rance kuwa na nan yana jiran biya. Sai da Ministan Abuja, Mista Nyesom Wike, ya sa aka kammala aikin gyara da na shimfiɗa titunan shiga tashoshi, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe jirgin a ran 29 ga Mayu, 2024, ya kuma ce a ɗauki jama'a kyauta har ƙarshen shekarar. Jama'a sun cika taragu, amma fa kyauta ba ta nuna ko kuɗin tikiti zai iya sayen man dizal, ya biya direbobi da masu gadi, ya kuma gyara inji in ya lalace.

Lissafin Dutse ya fi na Abuja wuya. Filinta ya fi cika ne lokacin jigilar alhazai, sauran watanni kuwa jiragen da ke sauka ba su da yawa, don haka layin da aka keɓe wa filin kaɗai ba zai ci da kansa ba. Abin da zai riƙe reshen Dutse shi ne ɗan kasuwa mai zuwa Kano, da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, da buhunan riɗi da shinkafa da zoɓo. Abin da ya rage a hannun Gwamnatin Jiha kuwa ƙarami ne a kuɗi, amma shi ne ya kayar da Abuja a karon farko: titi mai kyau tsakanin tasha da filin jirgin, da bas-bas da za su riƙa tashi daga Birnin Kudu da Gwaram daidai da lokacin tashin jirgin ƙasa.