Kashima, ƙaramin garin ƙasar Japon da ya shiga gasar manya da ƙafar dama

A kasuwanninmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai babu wanda bai san kayan ƙasar Japon ba. Toyota ce ke ɗaukar mana buhuna, Yamaha na ƙarƙashin ƴan kabu-kabu, rediyon Panasonic kuma ya daɗe a rumfunanmu. To waɗannan kamfanoni, ban da mota da rediyo, kowane yana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa. A yau za mu kawo muku labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, wato Kashima Antlers, da yadda ta yi shekararta ta farko cikin gasar ƙwararru a 1993. Labarin ƙwallo ne, amma ɗan kasuwa zai ga jari da kasada a cikinsa.

Kafin 1993, ƙwallon ƙafa a Japon wasan ma'aikata ne. Kamfani yakan ɗauki saurayi aiki, ya yi ɗan aikinsa da safe, da rana ya fita fili. Ƴan kallo ba su da yawa, domin hankalin jama'a yana kan wani wasa da ake kira besbol. Sai shugabannin ƙwallo, ƙarƙashin jagorancin Saburo Kawabuchi, suka shirya sabuwar gasa mai suna J.League, inda ɗan wasa zai ci abinci da ƙafarsa kawai. Ƙungiyoyi 10 aka nema don farawa. Sharaɗi mafi nauyi shi ne kowace ƙungiya ta ɗauki sunan garinta, ta zama ta mutanen gari, kamfani ya koma mai zuba kuɗi daga baya. Ta haka ƙungiyar Toyota ta zama ta Nagoya, ta Nissan ta zama ta Yokohama, ta Mazda kuma ta Hiroshima.

An ce musu ba zai yiwu ba

Kashima ƙaramin gari ne a bakin teku cikin jihar Ibaraki, gabas da Tokyo. A lokacin mutanensa ba su wuce wajen dubu 45 ba. Arzikinsa tashar jiragen ruwa ce da masana'antar narka ƙarfe ta kamfanin Sumitomo. Aiki akwai, amma idan an tashi babu wurin zuwa, shi ya sa samari ke ta ƙaura zuwa manyan birane. Ƙungiyar ma'aikatan Sumitomo kuwa a rukuni na biyu take wasa.

Da suka kai takardar neman shiga, Kawabuchi ya faɗa musu cewa kashi 99,9999 cikin ɗari abin ba zai yiwu ba. Don ya sallame su, sai ya ce idan har za su gina filin ƙwallo zalla, mai rufi, mai ɗaukar mutum dubu 15, to za a duba. A lokacin babu irin wannan fili a duk ƙasar. Duk wanda ya saba ciniki ya san wannan dabara, idan ba ka son sayarwa sai ka faɗi kuɗin da mai saye zai gudu. Mutanen Kashima ba su gudu ba. Gwamnatin jihar Ibaraki ta ɗauki nauyin ginin, garuruwan da ke maƙwabtaka da kamfanonin yankin suka haɗa jarin ƙungiyar, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1991 aka sa sunansu cikin goman farko, filin kuma ya kammala a 1993. Suna suka ɗauko daga gida: Kashima na nufin tsibirin barewa, Antlers kuma ƙahonin barewa ke nan.

Tsohon da aka ɗauko daga Birezil

Kasada ta biyu ita ce Zico, shahararren ɗan wasan Birezil da ƙungiyar Flamengo. Ya riga ya ajiye takalmi, har ya riƙe muƙamin sakataren wasanni a gwamnatin ƙasarsa. A 1991 ya yarda ya zo ya buga wa ƙungiyar ma'aikata a rukuni na biyu. Da gasar ta fara yana da shekara 40.

Abin da Kashima ta saya a wurinsa ya wuce ƙwallayen da zai zuba a raga. Ya koya wa yaran da suka saba da albashin kamfani abin da ake nufi da sana'a: kula da abin da ake ci, kula da kayan aiki, da ƙin yarda da faɗuwa ko a wasan gwaji. Gab da buɗe gasar sun je Italiya shiri, inda ƙungiyar ƙasar Kuroshiya ta lallasa su da ci 8 da 1. Wannan kashi ya sa aka sake zama, aka gyara tsarin wasan tare da mai horarwa Masakatsu Miyamoto.

Biyar da nema

An buɗe gasar ranar 15 ga watan Mayu 1993 a babban filin Tokyo, Yokohama Marinos ta ci Verdy Kawasaki 2 da 1. Kashegari Kashima ta karɓi baƙuncin Nagoya Grampus, mai ɗauke da Gary Lineker na Ingila, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kofin duniya na 1986. An tashi 5 da nema. Zico ya ci uku shi kaɗai, karo na farko ke nan da wani ya yi haka a gasar, ɗan ƙasarsa Alcindo ya ƙara biyu.

Tsarin wannan shekara ba ya da kunnen doki. Idan minti 90 ya cika babu wanda ya yi galaba, sai a ƙara lokaci, wanda ya fara ci ya tashi da wasan, idan abin ya ƙi a je bugun fenariti. An raba kakar gida biyu, wasa 18 a kowane zango, sannan zakarun zangunan biyu su haɗu. Rauni ya hana Zico wasanni da dama, amma Alcindo da samarin gida suka riƙe rumfar. Cikin watan Yuli Kashima ta lashe zangon farko, ta bar ƙungiyoyin manyan birane a baya.

Ƙarshen bai yi daɗi ba. Verdy, mai kuɗin jaridar Yomiuri da tauraro Kazuyoshi Miura, ta ɗauki zango na biyu. Ranar 1 ga Janairu 1994 Kashima ta sha kashi 6 da 2 a hannun Yokohama Flügels a wasan ƙarshe na Kofin Sarki, bayan ƙarin lokaci. Sai karon zakaru da Verdy, wasa biyu, duka a Tokyo. Na farko Verdy ta ci 2 da nema. A na biyu Kashima na gaba da ci ɗaya sai alƙalin wasa ya ba Verdy fenariti. Zico ya fusata, ya je ya tofa wa ƙwallon yawu, aka kore shi daga fili. An tashi 1 da 1, kofi ya tafi Kawasaki. Dattijon da ya koya wa yara ladabin sana'a, ran nan fushi ya ci ƙarfinsa.

Riba ta zo daga baya

Idan muka duba littafin bayan shekaru, lissafin ya sauya. Flügels da ta ci su 6 da 2 ta rushe a ƙarshen kakar 1998, bayan ɗaya daga cikin kamfanoni biyu da ke riƙe da ita ya janye kuɗinsa, aka haɗe ta da Marinos. Verdy ta bar Kawasaki ta koma Tokyo a 2001, ta faɗa rukuni na biyu a 2005. Kashima kuwa ta ci kofin gasar karo na farko a 1996, ta ci sau uku a jere daga 2007 zuwa 2009, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta yawan ɗaukarsa. A 2016 ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi, sai da aka ƙara lokaci kafin Real Madrid ta ci ta 4 da 2. A 2018 ta zama zakaran nahiyar Asiya.

Filin nan da aka gindaya musu don su haƙura, an faɗaɗa shi har ya wuce kujera dubu 40. Da yawa daga cikinmu sun gan shi a talabijin ba su sani ba, domin a can ne Arjantina ta ci maƙwabtanmu Najeriya 1 da nema ranar 2 ga Yuni 2002 a kofin duniya, da ƙwallon Batistuta. A 2019 kamfanin Mercari, mai kasuwar kayan gwanjo ta intanet, ya sayi mafi yawan hannun jarin ƙungiyar daga kamfanin ƙarfe. Mai jari ya sauya, amma suna da mazauni suna nan a Kashima, kamar yadda sharaɗin 1993 ya tanada. A harabar filin akwai mutum-mutumin Zico, wanda ya bar wasa a 1994, daga baya ya horar da ƙungiyar ƙasar Japon daga 2002 zuwa 2006.