Kallon Tsuntsaye a Tabkunan Adar: Hanyoyinsa da Amfaninsa ga Mai Nazarin Harshe

Ƙasar Adar, daga Madawa da Buza zuwa Keita, ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Babu kogin da ke gudana a cikinta duk shekara. Ruwan damina ne ke bin ƙoramu ya taru a fadamu da bayan madatsai, irin madatsar Ibohaman da waɗanda Shirin Raya Karkara na Keita ya gina tun daga 1984. Arewa da nan akwai tabkin Tabalak, a bakin hanyar Tawa zuwa Agadas, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyin Yarjejeniyar Ramsar a 2005. A irin waɗannan wurare ne tsuntsayen ruwa ke taruwa.

Kowane lokaci da baƙinsa. Shamuwa takan iso daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, shi ya sa manoma ke ɗaukar zuwanta a matsayin bushara. Da kaka kuma, daga Oktoba, agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa sukan ƙetaro Sahara daga Turai, su zauna har wajen Maris. A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, lokacin da taron ya cika.

Hanyoyin kallon biyu ne. Mai tafiya a ƙasa yakan fita da sassafe, ya bi gaɓa sannu a hankali, rana tana bayansa don kada ta kashe masa ido. Daga nan yakan ga balbela a tsakanin shanu, da zalɓe tsaye cikin ruwa, da zakaran ƙeƙuwa mai tona asirin duk wanda ya matso. Amma taɓo da ciyawa sukan tsayar da shi. Mai shiga ƙaramin kwalekwale, irin na masuntan Tabalak, shi ke kaiwa tsakiyar ruwa inda dinya da kirinjijiya ke hutawa. Yana zaune ƙasa-ƙasa, don haka tsuntsu bai cika tsorata da shi ba, muddin ya sassauta filafili.

Ga ɗalibin harshe, ribar fitar tana cikin sunayen. Wasu harɗaɗɗu ne masu mahaɗi, kamar zakaran ƙeƙuwa. Wasu ninki ne: kwasakwasa, tsuntsun da ke kwasar kifi da jakar bakinsa, sunansa ya fito daga aikinsa. Wasu kuma kunne kan ji kamar suna kwaikwayon kukan mai su, kamar kirinjijiya mai fito. Karin harshe ma yana bayyana, domin Ba'adare zai ce balbela hwara ce, inda Bakano zai ce fara. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara sunayen tsuntsaye da yawa, amma ƙamus ba ya nuna wa mutum tsuntsu a kan ruwa. Sai an tsaya tare da masunci ko makiyayi, an nuna da yatsa, sannan a tabbatar da wane suna ke kan wane tsuntsu, kuma a wane gari.

Abin damuwa shi ne, yashi da laka suna cike madatsai da tabkuna kowace damina. Idan ruwa ya ja baya, tsuntsu ya ƙaura, yaron da bai taɓa ganin gauraka ba zai riƙa jin sunan a bakin tsofaffi ba tare da sanin kamanninta ba. Saboda haka ya kamata duk ɗalibin da zai je hutu Adar ya tafi da littafi da na'urar naɗar murya. Ya rubuta sunan yadda aka furta shi, da garin, da watan, da kamannin tsuntsun, sannan ya naɗi kukansa tare da muryar wanda ya faɗi sunan.