Yadda Jar Giyar Inabi ta Bordeaux Ke Nuna, Ta Tsufa a Cikin Kwalba

Jar giyar inabi ta yankin Bordeaux, a kudu maso yammacin Faransa, gauraye ce ta inabi iri biyu ko uku, wani lokaci har huɗu ko biyar. Masu haɗa mafi kyawunta suna yin haɗin ne da tunanin abin da za ta zama bayan shekara 10 ko 20, domin ranar da aka ɗura ta a kwalba ba ta gama zama abin da ake so ba. Shan giya haramun ne ga Musulmi, wannan sananne ne. Ilimin da ya fito daga sana'ar kuwa ya shafi kowa: a kan giyar inabi Louis Pasteur ya yi binciken da ya wallafa a 1866, inda ya nuna rawar da iska da ƙwayoyin halitta suke takawa wajen gyara abin sha ko lalata shi, kuma dabarar ɗumama abin sha don kashe ƙwayoyin, wadda ake yi wa madara a yau, daga can ta samo asali.

Koguna biyu, Garonne da Dordogne, suna haɗuwa a arewacin birnin Bordeaux su zama Gironde, wanda ke malala cikin Tekun Atlantika. A gefen hagu na kogunan, wato Médoc da Graves, ƙasar tsakuwa ce. Ruwa ba ya kwanciya a cikinta, tana kuma riƙe zafin rana, don haka irin da ake kira Cabernet Sauvignon ya fi yin kyau a can. A gefen dama, wajen Saint-Émilion da Pomerol, yumɓu da farin dutse suka fi yawa, ƙasa ce mai sanyi da danshi, Merlot ne ke mulki, Cabernet Franc na biye da shi. Ana ƙara ɗan Petit Verdot ko Malbec a wasu gonaki.

Kowane iri da halinsa. Cabernet Sauvignon ƙananan 'ya'ya ne masu kaurin ɓawo, suna ba da launi mai duhu da bauri mai yawa, su ne ƙashin bayan giyar da ake son ta daɗe. Merlot ya fi laushi da tsoka, ya kuma riga nuna da mako ɗaya ko biyu. Cabernet Franc ƙamshi yake kawowa. Petit Verdot yana makara wajen nuna, a wasu shekarun ma ba ya nuna sosai, amma kaɗan daga cikinsa yana ƙara launi da yaji. Asalin gaurayawar tanadi ne na manomi. Yanayin bakin teku ba shi da tabbas. Idan ruwan sama ya sauko a watan Oktoba ya ɓata Cabernet, an riga an girbe Merlot, idan kuma sanyin farkon shekara ya ƙone tohon Merlot, Cabernet da ke makara wajen toho yakan tsira. Sanyin watan Fabrairun 1956 ya kashe kurangar inabi masu yawa a yankin, kuma tun daga lokacin Malbec ya ja baya, manoma suka maye gurbinsa da Merlot.

Ana girbe kowane iri daban, a tsima shi daban. Yis yana cinye sukarin inabin ya mai da shi barasa, ɓawon da ƙwayoyin suna jiƙe a ciki har mako biyu zuwa huɗu, suna sakin launi da sinadarin da ake kira tanin. Bayan haka wasu ƙwayoyin halitta sukan juya tsamin nan mai kaifi irin na ɗanyen tuffa ya koma tsami mai laushi irin na nono. A watannin sanyi da ke biye da girbi, mai gona da masanansa suna zama su ɗanɗana abin da ke cikin kowane mazubi, su yanke shawarar wanda zai shiga babbar giyar gidan. Wanda bai kai ba yakan tafi giya ta biyu, kamar Les Forts de Latour ta gidan Latour ko Pavillon Rouge ta gidan Margaux. Wannan zaman shi ne aiki mafi wuya a duk sana'ar, domin ana auna abin da bai faru ba tukuna da harshe da hanci kawai.

Sabuwar giya irin wannan ba ta da daɗin baki. Launinta ja ne mai duhu da ke komawa shuɗi-shuɗi a gefen kofi, haske da ƙyar yake ratsa ta. Ƙamshinta na ɗanyun 'ya'yan itace ne, musamman wani ɗan baƙin ɗan itace da Faransawa ke kira cassis, wani lokaci da ɗan warin koren tattasai idan Cabernet bai nuna sosai ba. A baki kuwa bauri ne ke fara kama mutum. Tanin yana manne wa sinadaran da ke sa yawu santsi, ya tattara su, sai harshe da dasashi su bushe su yi kaushi. Duk wanda ya tauna goro ya san wannan kamun bakin, kuma dangin sinadarin ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Masu sana'ar ba sa ƙin wannan baurin, nemansa ma suke yi, domin tanin yana tare iskar oksijin kafin ta lalata sauran abubuwan da ke cikin giyar. Shi da tsami da yawan ɗanɗanon 'ya'yan itace, su ukun ne jarin da za ta ci a tsawon rayuwarta.

Zangon farko na nunarta a cikin ganga ake yin sa. Gangar Bordeaux lita 225 take ɗauka, abin da zai cika kwalba 300, kuma da itacen oak ake ƙera ta, galibi daga dazuzzukan tsakiyar Faransa irin su Tronçais. Maƙeran ganga suna gasa cikinta da wuta yayin lanƙwasa katakon, gashin kuma shi ke haifar da ƙamshin banila, kanumfari, hayaƙi da gasasshen burodi da ake ji a sabuwar giya. Abin da ya fi ƙamshin muhimmanci shi ne iska. Katako yana numfashi, yana barin oksijin ya shiga kaɗan-kaɗan, wanda ke daidaita launi ya rage kaifin tanin. Giyar takan yi wata 12 zuwa 24 a ganga. Kusan duk bayan wata uku ana juye ta zuwa wata gangar a bar diddiga a baya, kuma kafin ɗura ta a kwalba wasu gidaje har yau suna kaɗa farin ƙwai su zuba, ya kwashe tanin mafi kaushi ya nutse da shi ƙasa.

A cikin kwalba abin yana tafiya a hankali ƙwarai, domin iskar da ke shiga ta toshiyar ba ta taka kara ta karya ba. Sinadaran launi da suka fito daga ɓawon inabi ba su da ƙarko su kaɗai. Sannu a hankali suna haɗuwa da tanin su zama sababbin sinadarai masu ɗorewa, launinsu kuwa ya fi karkata zuwa ruwan goro. Shi ya sa masani kan karkata kofi a kan farin ƙyalle ya dubi gefen: shuɗi-shuɗi alamar ƙuruciya ce, ja zalla alamar tsakiyar shekaru, jan bulo kuma alamar an kwana biyu. Wasu daga cikin haɗaɗɗun sinadaran suna girma har su yi nauyi, su faɗo su kwanta a jikin kwalba. Wannan diddigar ba lalacewa ba ce. Da fitarta da kuma sauyin sifar tanin ɗin da ya rage, baurin nan mai kama baki yakan koma laushi, har masu ɗanɗano su riƙa kwatanta shi da siliki.

Yawan barasa da yawan tsami ba sa sauyawa sosai a cikin kwalba. Abin da ke sauyawa shi ne yadda baki ke jin su, tun da abokan zamansu sun canza. Ƙamshi kuwa sauyawa yake yi gaba ɗaya, kuma a nan ne masu sha'awar tsohuwar giya suke samun abin da suke biyan kuɗi dominsa. Ƙamshin ɗanyun 'ya'yan itace yana ja da baya ya koma na busassu. Banilar ganga tana narkewa cikin sauran, ba a ƙara jin ta ita kaɗai. Sai wasu ƙamshi da babu su da farko su fito: ganyen taba, itacen al'ul, jimammiyar fata, ƙasa mai danshi, busasshen ganye, laimar kwaɗi. Giyar yankin Pauillac ta yi suna da ƙamshin al'ul da na feren fensir, ta yankin Margaux da ƙamshin fure, ta Pomerol kuma da wani irin laimar kwaɗi mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa. A wannan matakin da wuya mutum ya ware Cabernet daga Merlot a baki. Sun zama abu guda, kuma wannan haɗuwar ita ce mai gona ya hango tun ranar da ya zauna yin haɗin.

Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Shekara ɗaya ko biyu bayan ɗurawa giyar tana da fara'ar ƙuruciya. Daga nan da yawa daga cikin manyan giya sukan rufe, kamar yadda masu sana'ar ke faɗa: ƙamshin farko ya tafi, na biyu bai iso ba, sai bauri da tsami kawai. Wanda ya buɗe kwalba a wannan tsakanin yakan ɗauka an cuce shi. Bayan wasu shekaru sai ta sake buɗewa, ta hau ƙololuwarta, ta daɗe a can. Matsakaiciyar giyar Médoc takan kai wannan matsayi tsakanin shekara 8 zuwa 15, ta manyan gidaje a shekara mai kyau kuwa takan buƙaci 20 ko fiye. Girbin 1945, 1961 da 1982 sun shahara saboda daɗewar da suka yi suna kan ganiyarsu. Wadda Merlot ya fi yawa a cikinta takan riga nuna.

Gwaji mafi shahara a kan wannan batu ya faru ne fiye da sau ɗaya. A 1976, wani ɗan kasuwar giya ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya shirya ɗanɗano a Paris inda alƙalai Faransawa suka gwada giyar Bordeaux da ta Kalifoniya ba tare da ganin sunayen kwalabe ba. Jar giyar Stag's Leap Wine Cellars ta 1973, daga kwarin Napa na Kalifoniya, ta zo ta ɗaya, a gaban Mouton Rothschild da Haut-Brion na Bordeaux. Masu kare Bordeaux suka ce ai ta Amurka ba za ta jure tsufa ba. A 2006, bayan shekara 30, aka maimaita gwajin da giya iri ɗaya a Landan da Napa a lokaci guda. Ridge Monte Bello ta 1971, ta Kalifoniya, ita ma gauraye ce da Cabernet ya fi yawa a ciki, ta zo ta ɗaya, kuma Kalifoniya ta kwashe matsayi biyar na farko. Wannan ya nuna cewa jure tsufa ya dogara ne ga daidaiton tanin da tsami da 'ya'yan itace, ko daga wace ƙasa giyar ta fito.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da ajiya mai kyau. Ana son wuri mai duhu, mai sanyin digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin salshiyos, wanda ba ya hawa da sauka, mai danshi kusan kashi 70 cikin 100. Zafi yana gaggauta kowane sauyi, ya dafe ƙamshin, ya tura giya ta tsatso ta gefen toshiya. Ana kwantar da kwalba don toshiyar ta kasance a jiƙe. Ita toshiyar daga ɓawon wata bishiya ake yanka ta, kuma Fotugal ce ke samar da kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi. Tana da nata aibin: wani sinadari da ake kira TCA kan ɓoye a cikinta, kuma ɗigo kaɗan ƙwarai ya isa ya sa giya warin jiƙaƙƙen kwali. Masu sayen tsofaffin kwalabe a gwanjo suna duba inda ruwan ya tsaya a wuyan kwalba. Idan ya sauka sosai a kafaɗa, mai yiwuwa iska ta yi ɓarna. Kwalba biyu daga akwati ɗaya suna iya bambanta sosai bayan shekara 30, saboda toshiyarsu kawai.

Bayan ƙololuwa sai gangara. 'Ya'yan itacen ne ke fara ƙarewa, su bar tsami tsirara da ragowar bauri mai bushewa. Launi ya koma ruwan ƙasa, ƙamshi ya koma na daɗaɗɗen goro ko tuffa da ta kwana a yanke, daga ƙarshe idan ƙwayoyin halitta suka samu iska sai ta juye ruwan khal. Tsohuwar giya mai rai ma lallaɓa ta ake yi: a tsayar da kwalbar kwana ɗaya ko biyu diddiga ta sauka, a juye ta a hankali cikin wani mazubin gilashi ana haska wuyan da kyandir, a tsaya da zarar an ga duhu ya taso. Wadda ta haura shekara 40 tana iya rasa ƙamshinta cikin sa'a guda da buɗewa. Mafi yawan jar giyar da ake sayarwa a duniya, har da mafi yawan ta Bordeaux ɗin kanta, ba ta da jarin da za ta kai ga wannan tafiya. An yi ta ne don a sha cikin shekara biyu zuwa biyar, ajiye ta kuwa asara ce.

Ɗumamar yanayi tana sauya lissafin haɗin a yanzu. Inabi yana nuna da wuri, sukari ya yi yawa, barasa ta haura, tsami ya ragu, kuma Merlot ne abin ya fi shafa saboda shi ke riga nuna. Giyar da tsaminta ya yi kaɗan ba ta daɗewa kamar ta da. A 2021 hukumar da ke kula da sunayen amfanin gona a Faransa ta amince wa manoman giyar Bordeaux ta gama-gari su gwada sababbin jajayen iri huɗu masu jure zafi: Arinarnoa, Castets, Marselan da Touriga Nacional na Fotugal. An ƙayyade cewa kada su wuce kashi 5 cikin 100 na gonar, ko kashi 10 cikin 100 na abin da ke cikin kwalba.